Littafin awon yara: sikeli ɗaya, katako ɗaya, makarantu biyu

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau takardar izini ta fito, bayan zirga-zirgar mako uku. Makarantu biyu zan yi a nan Zariya, firamaren gwamnati ɗaya da makarantar kuɗi ɗaya. A baki aikin ba shi da wuya: a auna nauyin yaro, a auna tsayinsa, a fitar da lissafin BMI, wato ma'aunin nauyi gwargwadon tsayi, a ɗora shi a kan jadawalin girma a ga inda ya faɗa.

Abin da ya tunzura ni shi ne, duk shekarun da na yi ina awo a asibitin sha-ka-tafi, 'yan ƙasa da shekara biyar kawai muke gani. A ɗaura tef a dantse, in ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, an san tamowa ce mai tsanani. Rawaya a sa ido. Kore a sallami uwa. Da yaro ya gama rigakafi ya shiga makaranta, shi ke nan ya ɓace mana, sai ranar da zazzaɓi ya kawo shi. Babu wanda ya san ko girma yake yi ko tsayawa ya yi.

Lissafin BMI kuwa tsohon abu ne. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya fito da shi tun wajen shekarun 1830, sunan da muke kiransa da shi yanzu kuma a 1972 aka raɗa masa. Nauyi a kilo, a raba shi da tsayi a mita, abin da ya fito a sake raba shi da tsayin. Ga babba magana ta ƙare: 25 nauyi ya fara yawa, 30 teɓa ce. Ga yaro babu wannan sauƙin, domin lambar tana tafiya da shekaru. Takan hau a shekarar farko, ta sauko har zuwa wajen shekara biyar ko shida, sannan ta sake hawa har a balaga. Mace da namiji ma kowa da layinsa.

Laraba, 15 ga Janairu

Kafinta ya kawo katakon awon tsayi. Ya yi aiki mai kyau, sai dai tef ɗin tela ya manna a jiki, irin mai laushin nan. Na gwada shi da tef ɗin ƙarfe na magina, a mita ɗaya da rabi har ya ci kusan rabin santimita. Na sa ya ɓamɓare ya sa na ƙarfen. Bai ji daɗi ba, ya ce ai ba rufin ɗaki za a yi ba.

Sikeli na batir ne. Ba ni da duwatsun gwaji, don haka na cika jarka da ruwa, na toshe bakinta da kyau, na auna ta a babban sikelin asibiti, na rubuta nauyin a jikinta da maka. Kullum kafin yaro na farko ya hau, jarka ce za ta fara hawa.

Talata, 21 ga Janairu

Ranar farko a firamaren gwamnati, aji ɗaya da aji biyu. Hazo ya sauka sosai, sanyi har cikin ƙashi. Yara sun zo da suwaita a kan riga a kan wata rigar, wani har da hular sanyi da safar hannu. Ba zan tuɓe ɗan mutane a wannan hunturun ba, don haka muka jira har ƙarfe goma sha ɗaya da rana ta ɗan buɗe, aka cire suwaita da takalmi, aka bar yunifom kaɗai. Rabin kilo na tufa a jikin yaro mai tsayin santimita 130 yana ƙara wajen 0.3 a lissafin, kuma wannan ya isa ya tsallakar da wanda ke bakin layi.

Daɓen ajin duk ya farfashe. Jarka ta hau sau uku ta ba ni lamba uku daban-daban. Sai da muka koma barandar ofishin hedimasta, inda simintin ke lafiya, sannan sikeli ya natsu.

Yara 41 muka samu yi. Aljihunsu ma wani sha'ani ne: duwatsun 'yar carafke, murafun kwalba, ƙwallon goruba da aka gwaigwaye rabi. Wani ya ƙi rabuwa da batir guda biyu sai da malamarsu ta yi masa alkawarin riƙe masa su a hannunta yana kallo.

Alhamis, 23 ga Janairu

Yau kitso ne ya ba ni aiki. Hijabi ba matsala ba ne, mun rataya zane a kusurwa, ni da malama mace kaɗai, yarinya ta cire ta tsaya. Amma shuku da ake tattarawa a tsakiyar kai yana hana katakon sama sauka a kan ƙoƙon kai.

Wata 'yar shekara goma, lamba 58 a littafina, nauyinta kilo 32. Da tulin kitson tsayinta ya nuna 130, lissafi ya ba da 18.9. Malama ta kwance ƙullin ta kwantar da jelar kitson baya, muka sake, sai ga 128, lissafi ya koma 19.5. Layin da nauyi ke fara yawa ga mace 'yar shekara goma cif shi ne 19.0. Wato santimita biyu na gashi ne ya raba "lafiya lau" da "a sa ido". Tunda tsayi sau biyu yake shiga lissafin, kuskurensa ya fi na nauyi ciwo.

Na roƙi hedimasta a sanar da iyaye cewa ranar awo a yi wa 'yan mata kitson da ya kwanta. Ya yi dariya ya ce, "Malama, iyayen da na kasa sa su sayi littafin rubutu, su zan ce wa ga irin kitson da za a yi?" Gaskiyarsa. Za mu ci gaba da kwancewa.

Tsayuwar ma sai an koya wa yaro: dugadugai, ɗuwawu, kafaɗa da ƙeya su taɓa katako, ido ya kalli gaba sak, ba sama ba. Da ka ce "miƙe" sai su ɗaga haɓa kamar sojan fareti, wasu har da ɗage.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Babu makaranta, na zauna da takardu. Wata abokiyar aiki ta turo mini jadawali ta WhatsApp, da na duba sai na ga na Amurka ne, na hukumarsu ta CDC, wanda ya fito a 2000. Shi da kaso yake aiki: yaron da ya kai layin 85, wato lissafinsa ya haura na yara 85 cikin ɗari na tsararsa, nauyinsa ya yi yawa, layin 95 teɓa, ƙasa da layin 5 rama. Ba laifi gare shi ba, amma da yaran Amurka aka gina shi, kuma in na haɗa shi da na Hukumar Lafiya ta Duniya a aiki ɗaya, yaro guda zai iya samun hukunci biyu.

Na tsaya a kan na Hukumar Lafiyar. Nata kashi biyu ne. Na 'yan ƙasa da shekara biyar ya fito a 2006, daga awon yara sama da dubu takwas da aka yi tsakanin 1997 da 2003 a ƙasashe shida: Birazil, Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka. An zaɓi yaran da suka sha nono, iyayensu mata ba sa shan taba, gidajensu babu yunwa, sai aka tarar girmansu kusan ɗaya ne ko a Ankara ta Gana aka haife su ko a Oslo. Wannan nakan faɗa wa duk mai ce mini "ai mu jininmu ne gajarta". Na 'yan shekara 5 zuwa 19 kuma a 2007 ya fito, shi ne nawa. Layin tsakiya sifili. Sama da +1 nauyi ya yi yawa, sama da +2 teɓa. Ƙasa da −2 rama, ƙasa da −3 rama mai tsanani.

Wani tarko da na kusa faɗawa: a jadawalin ƙananan, sai an haura +2 ake cewa nauyi ya yi yawa, +3 ce teɓa. Hannuna ya saba da wannan, har na yi wa yara shida alama da tsohon sabo kafin na farga. Na goge na sake.

Talata, 4 ga Fabrairu

Ga inda aikin ya cije. Shekaru.

Rajistar makaranta ta ce kusan duk ɗan aji huɗu shekararsa goma, kuma abin mamaki rabinsu ranar 1 ga Janairu aka haife su. Kowa ya san yadda aka yi: ranar ɗaukar yara malami ya dubi tsayin yaro, ko ya sa shi ya zagaya hannu ta saman kai ya kamo kunne, ya rubuta abin da ya ga dama. Jadawali kuwa ba shekara kaɗai yake nema ba, har wata yake so.

Lamba 112 ne ya sa na ajiye biro. Namiji, tsayi 131, nauyi kilo 33.5, lissafi 19.5. Gajere ne kakkaura, irin wanda in ka gan shi za ka ce tubarkalla. In shekararsa goma kamar yadda rajista ta ce, layin +1 nasa 18.5 ne, ya haura shi, nauyinsa ya yi yawa, tsayinsa kuma babu laifi. Amma fuskarsa ba ta ɗan shekara goma ba ce, kuma da na ce ya buɗe baki haƙoransa ma sun girmi rajistar. In shekararsa goma sha biyu, layin +1 ya koma 19.9, nauyinsa daidai ne. Sai dai a wannan shekarun tsaka-tsakin tsayin namiji 149 ne, duk wanda bai kai wajen 135 ba kuma ya tsumbure. Yaro ɗaya, awo ɗaya. Ko dai in rubuta wa iyayensa a rage masa maiƙo da zaƙi, ko in rubuta cewa yunwar ƙuruciya ta daƙile masa tsayi. Saƙo biyun nan gabas da yamma ne.

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan idon nawa cewa ya yi yaro ya ƙoshi, kuma ban yarda da shi ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa abin ya haura rabi. Waɗancan yaran su ne yanzu ke zaune a azuzuwan nan. In kowa a aji gajere ne, ido ba ya ganin gajarta.

Na dakatar da ɗora kowa a jadawali. Na ba yara saƙo: a turo katin rigakafi, ko takardar haihuwa, ko wani babba ya zo da kansa.

Talata, 11 ga Fabrairu

Katunan rigakafi sun fara zuwa, wasu a naɗe cikin leda, wasu da tabon manja, ɗaya ɓera ya ci gefensa amma ya bar kwanan watan allurar BCG, wadda yawanci a makonnin farko ake yi. Ya wadatar.

Waɗanda ba su da kati na yi musu kalandar abubuwan da ba a mantawa. Iyaye mata ba sa riƙe "2015", amma suna riƙe "azumin da ya biyo bayan zaɓen da Buhari ya ci", wannan kuwa tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Yuli ne na shekarar. Sai a bi da tambaya: kafin Sallah ko bayanta, da damina ko an yi girbi, wa ya girmi wa tsakaninsa da ɗan maƙwabta mai kati. Wahalar ita ce azumi yana matsowa da kwana goma sha ɗaya duk shekara, don haka na rubuta watannin Musulunci a gefen na Bature, shekara bakwai a jere, na manna a bangon littafi.

Mahaifin lamba 112 ya zo da kansa, ɗan acaɓa ne, ko injin bai kashe ba da farko. Na ce, "Malam, ko za ka tuna lokacin da aka haifi yaron nan?" Ya ce kati dai ya ɓata a tashin gida. Ya yi shiru, sai kuma ya ce, "Hajiya, ranar sunansa ce Najeriya ta ci kofin Afirka. Da daddare muna gidan kallo, ragowar naman suna na kai wa abokai can." Wasan da aka ci Burkina Faso ɗaya da nema, ƙwallon Sunday Mba, zamanin Stephen Keshi: 10 ga Fabrairu, 2013. A cire kwana bakwai na suna. Yaro ya cika shekara goma sha biyu a makon jiya.

To, ba ƙiba ba ce. Na yi wa uban bayani a hankali cewa tsayin da aka rasa a shekarun farko ba kasafai yake dawowa duka ba, amma yaron bai shiga girman balaga ba tukuna, kuma abin da zai ci yanzu yana da amfani: wake, gyaɗa, ƙwai in an samu, awara, ganye a miya. Ya tambaya ko ƙannensa biyu za a iya auna su. Na ce ya kawo su asibiti ranar Alhamis.

Da na bi rajista, da yanzu takardar "a rage masa abinci" tana gidansu.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Makarantar kuɗi. Tayil a ƙasa, kowane yaro da fayil ɗinsa da takardar haihuwa, aikin kwana uku ya ƙare a yini ɗaya da rabi. A nan na fara ganin layin sama yana aiki. Lokacin tara na leƙa kwandunan abinci: Indomie, lemon roba, biskit, cincin, ga kuɗin tara a aljihu ana sayen alewa a bakin get. Mota ta kawo, mota ta ɗauka, filin wasan bai fi tsakar gida ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 sama da miliyan 390 ne nauyinsu ya wuce kima a duniya, daga kashi 8 cikin ɗari a 1990 zuwa kashi 20. Da ina karanta irin wannan a matsayin labarin wasu ƙasashe.

Lamba 203: shekara takwas da 'yan kwanaki, tsayi 132, nauyi kilo 39, lissafi 22.4. Layin +2 nasa 19.7 ne, ya wuce shi da nisa. Da yake BMI ba ya bambance kitse da tsoka da ƙashi, na ƙara da awon ƙugu: santimita 72, alhali bai kamata ya wuce rabin tsayinsa ba, wato 66. A bayan wuyansa kuma akwai wani baƙi mai kauri, mai laushi kamar karan-miski. Wannan ba datti ba ne, alama ce da kan nuna jiki ya fara gardama da sinadarin insulin mai daidaita suga a jini. Na rubuta takarda a kai shi wurin likita.

Talata, 25 ga Fabrairu

Na yi kuskure a takardar, kuma yau na karɓi sakamakonsa. Na rubuta "ɗanku yana da teɓa" ƙarara, na ba yaro ya kai gida. Kakarsa ce ta zo, da direba, da carbi a hannu, ba ta ko zauna ba.

"Ke ce mai awon? 'Yar nan, yaro yana cikin rufin asirin Allah ki sa masa baki? Ko tubarkalla babu a takardar taki. Ubansa haka yake yana ƙarami. Mu a zamaninmu yaron da ya rame ake kai wa asibiti."

Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, na ba ta haƙuri, na ce laifina ne da ban nemi ganinta ba na aika takarda. Kuma har raina na san tana da hujja: matar da ta ga yara suna mutuwa da ƙyanda da gudawa, ƙibar jika a wurinta amsar addu'a ce. Ban kawo mata lissafi ba. Na ce, "Hajiya, baƙin nan na wuyansa, kun gwada cuɗawa?" Ta ce har da soso da sabulun salo, ya ƙi fita. Na ce ba zai fita da soso ba, na gaya mata abin da yake nufi. Ta yi shiru. Ashe ita kanta tana shan maganin ciwon suga, shekara tara ke nan.

Sai ta zauna. Tsoronta kar a ce za a hana yaro abinci. Na ce babu mai sa ɗan shekara takwas azumin dole. Abin da ake so nauyin ya tsaya wuri ɗaya tsayi ya kamo shi. Lemon kwalba ya koma na ranar Juma'a kaɗai, ruwa a gorar makaranta, tuwo da miya yadda aka saba, a bar shi ya fita ƙwallo ya yi gumi kamar awa ɗaya a yini. Ta ce ƙwallon ce ba ta so, yaran unguwa ba su da tarbiyya. Muka tsaya a kan keke a cikin gida da rakiyar ta masallaci da ƙafa.

Na sake rubuta takardar iyaye gaba ɗaya. Yanzu da sallama take farawa, da "Masha Allah", babu kalmar teɓa a ciki, kuma ba a ba yaro. Gayyata ce a zo mu tattauna. Awon ma na daina faɗar lamba da ƙarfi, don ranar nan na ji 'yan aji suna tsokanar wani da "buhu".

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Na koma firamaren gwamnati saboda 'yan layin ƙasa, kar hayaniyar ƙiba ta sa in manta da su, su ne ma suka fi yawa a littafina. Lamba 77, mace, shekara takwas, tsayi 121, nauyi kilo 18, lissafi 12.3, tsakanin −2 da −3. Na danna bayan ƙafafunta da babban yatsa na ƙirga uku, babu kumburi, alhamdu lillahi. Da akwai, da nauyin ma ruwa ne ba jiki ba. Cikin idonta fari fat. Tallan ƙosai take yi kafin ta zo, ita kuma sai an tashi take karyawa. Na tura ta gwajin jini, har da na sikila, da maganin tsutsar ciki.

Azumi jibi ko gata. Manyan 'yan aji biyar da shida za su ɗauka, nauyi zai motsa, don haka na rufe awo sai bayan Sallah. Zan yi amfani da lokacin in shigar da komai cikin manhajar AnthroPlus mai ɗora awon yara a kan jadawali a kwamfuta, in gwada da abin da na yi da hannu.

Talata, 6 ga Mayu

Zagaye na biyu, na waɗanda na yi wa jan alama kaɗai. Kwamfuta ta kama ni da kuskure huɗu, duka wajen ƙirga watanni, na gyara.

Lamba 203: tsayi 133.5, nauyi 39.2, lissafi 22.0. Har yanzu yana sama da +2, kuma wata biyu da rabi ba ya isa a ce komai, amma nauyin ya tsaya. Kakar ta aiko direba da saƙo cewa likita ya gan shi, kuma a gaya mini lemon Juma'ar ma wani lokaci mantawa yake yi. Lamba 77 ta ƙara gram 900. Gwaji ya nuna ba sikila ba ce, ƙarancin jini ne, tana kan magani. Lamba 112 bai zo ba, an ce ya bi kawunsa gona, sai wani makon.

Har yanzu yara 23 ba su da tabbataccen watan haihuwa, suna nan a shafin baya da fensir. Jarka ta fara yoyo ta gindi, dole in nemi wata in kai asibiti a auna kafin Alhamis.